*AWO TUKUNA, SANNAN MAGANI: BAYANI A KAN NA'URORIN DUBA MASU CIWON ZUCIYA*

 



Darasinmu na yau babu haɗin magani a cikinsa. Ba za ku ji "a samo kaza a daka da kaza" ba. Magana ce a kan na'urorin da ake duba masu ciwon zuciya da su: aikin kowacce, abin da take iya gani da abin da ba ta iya gani, da lokacin da ya wajaba maigida ya ajiye duk abin da yake yi ya kai iyalinsa a gwada su.

Ga dalili. Kalmar "ciwon zuciya" a bakinmu ta zama buhu, komai zubawa ake yi a ciki. Mai ƙwannafi ya ce zuciya, mai olsa ya ce zuciya, mai damuwa da faɗuwar gaba ya ce zuciya, mai haki da kumburin ƙafa shi ma ya ce zuciya. Alamomin sun yi kama da juna, amma cututtukan kowacce da hanyarta, kuma abin da zai amfani wannan yana iya kwantar da wancan. Mu masu maganin gargajiya da na Musulunci, komai daɗewar mutum a sana'a, kayan aikinsa ido ne da hannu da tambaya. Ita kuwa zuciya tana can bayan ƙashin ƙirji, ido ba ya kai mata. To wanda bai ga ciwo ba, me zai ba wa magani?

*ZUCIYA DA INJIN BAN RUWA*

Duk wanda ya taɓa noman rani ya san injin ban ruwa. In ya ƙi aiki, ɗayan uku ne: ko wuta ba ta zuwa fulogi, ko jikin famfon ya samu matsala, ko tiyo ya toshe. Haka zuciya take. Tsoka ce mai ɗakuna 4 da ƙyamare 4, tana da 'yar wutar lantarkinta da Allah Ya halitta mata wadda ke ba ta umarnin bugawa, tana kuma da jijiyoyin da take tura jini ta cikinsu. A babban mutum da yake hutawa tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti ɗaya, kusan sau 100,000 ke nan a kwana guda, tana tura jini kimanin lita 5 a kowane minti.

Ka riƙe wannan misali, don shi zai sa ka gane abin da ya sa likita yake tura ka gwaji biyu ko uku. Ba son kuɗi ba ne. Na'urar da ke duba wuta daban, mai duba jikin famfo daban, mai auna ƙarfin ruwa a tiyo daban.

Kuma binciken zuciya ba baƙon abu ba ne a wurin malamanmu na da. Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi dogon bayani a kan karanta bugun jijiya da yatsa. Ibn Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi ya bayyana cewa jini yana fita daga ɓangaren dama na zuciya ya bi ta huhu sannan ya dawo ɓangaren hagu, ya gyara kuskuren da likitoci suka gada daga Jalinusa shekaru fiye da dubu. Mutanen da suka yi wannan wahala da yatsa da tunani, da sun samu abin da zai nuna musu zuciya tana motsi a kan allo, kana ganin za su ce ba sa so?

*1. ABIN SAURAREN ƘIRJI*

Wannan shi ne igiyar robar da likita ke ratayawa a wuya. Wani likita Bafaranshe mai suna Lanek ya ƙirƙiro shi a birnin Faris a 1816. A lokacin kunne ake ɗorawa a ƙirjin mara lafiya. Da aka kawo masa wata matashiya sai ya ji nauyin yin haka, ya naɗe takarda kamar bututu ya saurara ta ciki, sai ya ji sautin ya ma fi fita. Ka ga ashe kunya ce ta haifi wannan abu.

Da shi likita ke jin ko ƙyauren zuciya yana yoyo, ko bugun ya rikice, ko ruwa ya taru a huhu. Amma ji ne kawai. In ya ji abin da bai kwanta masa ba, zai tura ka gaba, don gani ya kori ji.

*2. NA'URAR AWON JINI*

Ita ce wadda ya kamata a ce kowane gida, ko aƙalla kowace unguwa, akwai guda. Wani likita ɗan Italiya ya fito da mai ɗaurawa a damtse a 1896, wani ɗan Rasha ya ƙara mata hanyar saurare a 1905. Yanzu ga mai batir, danna maɓalli kawai ake yi.

Tana ba da lamba biyu. Ta sama ƙarfin jini ne lokacin da zuciya ta matsa, ta ƙasa lokacin da ta saki. Wajen 120 bisa 80 shi ne daidai. In ana yawan samun 140 bisa 90 ko sama a ranaku daban-daban, hawan jini ne. In ta kai 180 bisa 120, musamman da ciwon kai mai tsanani, ko dishi-dishin gani, ko ciwon ƙirji, ko nauyin baki, ba maganar gobe ba ce, a nemi mota.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai yi shekaru yana noma yana zuwa kasuwar Sara yana dawowa, ba ciwon kai ba komai, alhali zuciyarsa tana ta kauri, ƙodarsa tana lalacewa. Ranar da ɓarin jiki ya shanye sai a ce iska ce ta buge shi a bayan gida. Maganar "ni ina jin jinina in ya hau" ba abin dogaro ba ce.

Ga yadda ake awo a gida:
• A zauna a kujera a jingina baya, ƙafa a ƙasa, a huta minti 5.
• Kar a ci goro, kar a sha shayi mai ƙarfi ko kofi ko taba minti 30 kafin awo. In ana jin fitsari a fara zagawa.
• A fitar da hannu daga riga, a ɗaura a fatar damtse, a ɗora hannun a kan tebur daidai da ƙirji.
• Ban da magana, ban da amsa waya.
• A yi sau 2, minti ɗaya a tsakani, a rubuta a littafi da kwanan wata.
• Mai ɗaurawa a damtse ta fi ta wuyan hannu inganci. Mai ƙiba yana buƙatar babban maɗauri, in ba haka ba lambar za ta ƙaru a banza.

In ta fi ƙarfin mutum ɗaya, 'yan majalisa ko jama'ar masallaci su haɗa kuɗi su saya, a ajiye wurin wanda ya iya karatu. Sannan a kiyaye wannan: in lamba ta sauko, maganin ne ya sauko da ita, ba warkewa aka yi ba. Wanda ya daina shan ƙwayarsa don ya ga 120, kamar wanda ya kashe inji ne don ya ga ruwa ya cika kwami. Mai juna biyu kuma duk zuwa awo a tabbata an gwada jininta, don hawan jinin ciki shi ke kawo jijjiga.

*3. ISIJI, MAI DUBA WUTAR ZUCIYA*

Za a ce ka kwanta, a manna maka wayoyi 10, guda 6 a ƙirji, guda 4 a hannuwa da ƙafafu, sai takarda ta fito da zane mai hawa da sauka. Mutane da yawa suna tsoro, wai za a sa musu wuta. Wallahi ba ta sa wuta a jiki. Karanta wutar da ke cikin zuciyarka take yi, kuma minti 5 zuwa 10 an gama, babu allura babu zafi.

Wanda ya fara haɗa ta wani likita ne ɗan ƙasar Holan mai suna Aintoben, a 1903. Tasa ta kai nauyin kilo 270, sai mutum 5 suke sarrafa ta, mara lafiya kuma sai ya tsoma hannuwa da ƙafa a bokitin ruwan gishiri. Yau ga ta ana ɗauka da hannu ɗaya.

Tana nuna bugun da ya yi sauri, ko ya yi nawa, ko ya rikice. Tana nuna alamar toshewar jijiyar da ke ciyar da zuciya, da alamar kaurin zuciya saboda hawan jini. Amma abin da ke faruwa a wannan 'yan daƙiƙu kawai take ɗauka. Mai faɗuwar gaba da ke zuwa tana tafiya yana iya yin isiji ta fito lafiya lau. Irin wannan akan rataya masa 'yar ƙarama mai suna holta ya tafi gida da ita awa 24. Saboda haka "isiji ta yi kyau" ba ya nufin an gama bincike in har alamomi suna nan.

Takardar isiji tana goge kanta in ta sha rana ko zafi. Ka ɗauke ta hoto a waya tun ranar, ka ajiye ta a inuwa, don likita na gaba zai so ya kwatanta tsohuwa da sabuwa.

*4. EKO, SIKANIN ƊIN ZUCIYA*

In akwai na'urar da nake so magidanta su riƙe sunanta, to ita ce wannan. Irin sikanin ɗin da ake yi wa masu ciki ne, amma a ƙirji. Da sauti take aiki, ba ta da illa ga mai ciki ko mai shayarwa ko jariri. Za a kwantar da mutum ta gefen hagu, a shafa wani mai mai sanyi, a ɗora kan na'urar, sai ga zuciya a allo tana buɗewa tana rufewa. A ƙasar Suwidin aka fara amfani da ita a 1953.

Ita ke nuna girman ɗakunan zuciya, da kaurin bangonta, da ƙyauren da ya tsuke ko yake yoyo, da hujin da aka haifi yaro da shi, da ruwan da ya taru ya kewaye ta. Tana kuma ba da lambar ƙarfin matsawar zuciya. Mai lafiya tasa takan kama daga kashi 50 zuwa 70 cikin 100. In ta yi ƙasa sosai, famfon ya yi rauni ke nan, shi ya sa ruwa ke komawa huhu da ƙafafu.

Akwai mutum biyu a gidajenmu da eko ke ceton rayuwarsu da izinin Allah.

*Ta farko ita ce mai jego.* Akwai wata gazawar zuciya da ke kama mace a watan ƙarshe na ciki ko cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma arewacin Najeriya na cikin wuraren da ta fi yawa a duniya. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, irin su Farfesa Parry da Dokta Davidson, suka yi rubutu a kanta, suka alaƙanta ta da yawan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Binciken da aka yi a asibitocin Sakkwato da Kano ya samu kusan mace 1 cikin kowace 100 da suka haihu a can. Daga baya Farfesa Kamilu Ƙaraye na Asibitin Malam Aminu Kano da abokan aikinsa suka ci gaba da bincike, suka ga ba za a ɗora wa al'adun jego laifin duka ba: rashin abinci mai gina jiki, da rama, da hawan jinin ciki, da ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyom a jini suna da hannu. Amma abu ɗaya babu saɓani a kansa: kanwa 'yar uwar gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, kuma zuciyar da ta riga ta yi rauni ba ta iya ɗaukar wannan kaya.

Alamominta su ne haki ko da ɗan zuwa bakin rijiya, kasa kwanciya sai an tara filo ko a kwana a zaune, tarin dare, kumburin ƙafa da ciki, da gajiya marar misali. Abin takaici, in aka ga haka sai tsofaffi su ce sanyi ne ya shige ta, a ƙara zafin ruwa a ƙara kanwa. Iyayenmu, da kyakkyawar niyya kuke yi, mun sani. Amma mai jegon da ba ta iya kwanciya saboda numfashi, asibiti za a kai ta a ranar, ko da ba a yi suna ba, ko da ba ta yi arba'in ba. Da yawa zuciyarsu tana farfaɗowa in an fara magani da wuri. Kai kuma maigida, in likita ya ce a dakata da wani ciki sai an sake eko an ga ƙarfin zuciyar ya dawo, ka saurare shi. Cikin da ya zo kan zuciyar da ba ta warware ba yana iya tafiya da uwar, ya bar maka marayu.

*Na biyu shi ne yaro mai yawan ciwon maƙogwaro*, musamman ɗan shekara 5 zuwa 15. Akwai ƙwayar cutar da ke kama maƙogwaro, in ba a kashe ta da maganin asibiti ba, bayan makonni sai zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi su biyo, a hankali ƙyauren zuciya ya lalace. Cire belu ba ya kashe wannan ƙwaya. Yaron da ke haki in ya yi ɗan gudu, ko gaɓoɓinsa ke kumbura yau gwiwa gobe idon sawu, a kai shi a saurari ƙirjinsa. In eko ta nuna ciwon, akan ɗora shi a allurar fenisilin duk mako 3 ko 4 na shekaru masu yawa. Kar a gaji da ita, ita ce katangar da ke tsakaninsa da tiyata.

Hoton ƙirji kuma yana nuna inuwar zuciya in ta yi girma, da ruwa a huhu, yana kuma taimakawa a bambance da tarin fuka. Amma ba ya maye gurbin eko.

*5. 'YAR MAƘALE TA YATSA, DA OKSIJIN, DA SIKELI*

'Yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana auna iskar da ke cikin jini da saurin bugu. Mai lafiya 95 zuwa 100. In ta sauka ƙasa da 90 ana buƙatar asibiti da gaggawa. Sanyin yatsa, da jan farce, da baƙin lalle suna rikita ta. Kuma an gano a wasu lokuta takan ƙara wa masu duhun fata lamba. Don haka in mutum yana haki, kar a ce "ai na'ura ta ce lafiya".

Sai oksijin. Akwai maganar da ta zauna a zukatan mutanenmu, wai duk wanda aka sa wa oksijin ya tafi ke nan, har wasu su ƙi yarda a sa wa ɗan uwansu. 'Yan uwa, ba oksijin ke kashewa ba, jinkirin da aka yi a gida kafin a zo ne. Iskar da muke shaƙa ce aka tace ta, kashi 21 cikin 100 na iskar duniya dama ita ce. Akwai ta tukunya, akwai injin da ke tace ta daga iskar ɗaki, shi kuma sai da wuta ko sola. Wanda aka ba shi ya yi amfani da ita a gida, kar a kusanto da garwashi ko kaskon turaren wuta ko taba, don tana hura wuta. Janareta kuma a waje can nesa da taga, hayaƙinsa kisa yake.

Sikeli shi ma kayan aikin zuciya ne. Mai gazawar zuciya ya hau kowace safiya bayan ya zaga, kafin karin kumallo. In ya ƙaru da kilo 2 cikin kwana 3, ba ƙiba ba ce, ruwa ne, a koma wurin likita. Gishiri kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kar ya kai giram 5 a yini, wato ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙulen magi da yaji da kilishi.

*6. BATIRIN ZUCIYA*

Wani dattijo bugunsa zai sauka zuwa 30 ko 40 a minti, yana jiri yana faɗuwa, a yi ta cewa farfaɗiya ce ko aljanu. Isiji ce ke tona wannan. Maganinsa 'yar na'ura ce da ba ta kai akwatin ashana ba, a sa ta ƙarƙashin fata a ƙasan ƙashin wuya, da siririyar waya zuwa cikin zuciya, tana tuna mata lokacin bugawa. Mutumin farko da aka dasa wa ita, Arne Larson, a Suwidin ne a 1958. An canza masa fiye da sau 20, ya rayu har 2001, ya riga ya binne likitan da ya sa masa da injiniyan da ya ƙera ta. Na yanzu batirinsu yakan kai wajen shekara 10.

Mai ita ya kiyaye:
• Kar ya sa waya a aljihun gaba na riga a kanta. A bar tazarar santimita 15, ya amsa kira da ɗaya kunnen.
• Ya nisanci injin walda da babban mayen ƙarfe, kar ya kifa ƙirji a kan injin da ke aiki.
• Makonnin farko ban da faskare da ɗaukar kaya da ɗaga hannun sama da kafaɗa sosai.
• In rauni ya warke, wanka da alwala da sallah duk babu matsala.
• Maniyyaci ya riƙe katinsa ya nuna wa jami'an bincike, a filin jirgin Dutse ne ko Kano ko Jidda.
• Duk asibitin da ya je ya faɗa yana da ita, musamman kafin a sa shi a babban injin hoto mai maganaɗisu.

*7. ƘYAUREN ƘARFE DA MAGANIN TSINKA JINI*

In ƙyaure ya lalace ƙwarai akan yi tiyata a canza shi. A Najeriya an fara tiyatar buɗe zuciya a asibitin koyarwa na Inugu a 1974, ƙarƙashin Farfesa Fabian Udekwu tare da Farfesa Magdi Yakub ɗan asalin Masar. Akwai kuma aikin da ake zura siririn bututu ta jijiyar hannu ko cinya a buɗe jijiyar zuciya da ta toshe a bar 'yar raga a ciki, ana yin sa a manyan birane irin Abuja da Legas.

Nan ne nake so abokan sana'ata su buɗe kunne. Wanda aka sa wa ƙyauren ƙarfe zai sha maganin tsinka jini mai suna wafarin har ƙarshen rayuwarsa, ana gwada jininsa a kai a kai. Wanda aka sa wa raga shi ma yana kan nasa. Irin waɗannan ba a yi musu ƙaho, ba a yi musu tsaga ko sakiya, sai da izinin likitansu, don jinin yana iya ƙin tsayawa. Tafarnuwa da citta in an yawaita su a matsayin magani suna ƙara tsinka jini. Zogale da alayyahu da rama in an ƙara yawan cinsu kwatsam suna rage ƙarfin wafarin. Zoɓo yana ɗan sauke jini, to mai shan ƙwayar hawan jini ya sanar da likita in yana yawan shan sa. Magungunan ciwon jiki na kemis irin su diklofenak suna tara ruwa ga mai gazawar zuciya. Haɗe-haɗen ƙarfin maza da ake sayarwa a leda ko kwalba kuwa, wasu an cusa musu ƙwayar bature a ɓoye, in ta haɗu da maganin ciwon ƙirji jini yana iya faɗuwa warwas. Duk abin da kake sha, ka ɗauke shi ka nuna wa likita. Duk ƙwayar da kake sha, ka faɗa wa mai maganin gargajiya. Ɓoye wa ɗayansu cutar kai ne.

*8. NA'URAR FARFAƊO DA ZUCIYA*

Wani lokaci wutar zuciya takan hargitse nan take, mutum ya yanke jiki ya faɗi. Manya za su tuna Samuel Okwaraji, ɗan ƙwallon Najeriya da ya faɗi a filin wasa na Legas ranar 12 ga Agusta 1989 ana wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25. Samari kuma sun ga Eriksen na ƙasar Denmak ya faɗi a fili ranar 12 ga Yuni 2021. Nan take aka hau danna masa ƙirji, aka kawo na'urar da ke ba zuciya bugun wuta sau ɗaya don ta dawo kan tsari, ya farfaɗo, shekarar da ta biyo ya koma wasa. Ajali na Allah ne, amma an umarce mu da riƙo da sababi.

A ƙauyukanmu sababin da ke hannunmu shi ne tafin hannu. In mutum ya faɗi, ba ya amsawa, ba ya numfashi yadda ya kamata, kar a tsaya yayyafa ruwa da salati kawai. A kwantar da shi rigingine a ƙasa mai tauri, a ɗora hannu biyu a tsakiyar ƙirji, a danna da ƙarfi zurfin santimita 5, sau 100 zuwa 120 a minti, ana karɓar juna, wani kuma ya ruga neman mota da ma'aikacin lafiya. Kar a yi gaggawar rufe shi da zane.

*MATA, AZUMI, DA TAFIYA ASIBITI*

Wasu mazan suna hana matansu isiji da eko saboda za a buɗe ƙirji. Kishi abu ne mai kyau, amma malamai sun yi bayanin cewa larurar magani tana halatta duba gwargwadon buƙata. Ka nemi ma'aikaciya mace in akwai. In babu, ka tsaya a wurin ko 'yar uwarta ta tsaya, a rufe inda ba a buƙata. Awon jini da isiji da eko ba sa karya azumi. Mai shan maganin fitar da ruwa ko mai gazawar zuciya kuma ya ga likitansa tun cikin Sha'aban a tsara masa, in an ce ya sha, rangwame ne da shari'a ta yi masa.

Daga Basirka kake, ko Fagam, ko Sundimina, ko Kantoga, ka fara da asibitin da ya fi kusa a auna jini a saurari ƙirji. Daga nan akwai babban asibitin Gwaram da asibitin tarayya na Birnin Kudu, wato FMC. In aka rubuta maka takardar zuwa Asibitin Rashid Shekoni a Dutse ko Asibitin Malam Aminu Kano, kar ka ninke ta ka sa a ƙarƙashin katifa sai bayan girbi. Ka tafi da katinka, da littafin awon jini, da tsofaffin takardun gwaji, da duk magungunan da ake sha cikin leda guda. Kafin ka fito ka tambayi likita abu uku: me gwajin ya nuna, me zan kiyaye, yaushe zan dawo.

Alamomin da ba a kwana da su a gida:
• Nauyi ko matsi a tsakiyar ƙirji da ya wuce minti 15, yana tafiya hannu ko muƙamuƙi, da gumi.
• Haki ana zaune, ko kasa kwanciya.
• Suma, ko bugun da ya rikice tare da jiri.
• Karkacewar baki, ko mutuwar hannu ko ƙafa, ko harɗewar harshe.
• Mai ciki ko mai jego da ke kumbura tana haki.
• Jaririn da leɓensa ke yin shuɗi, ko yake haki da gumi in yana shan mama.

Addu'a ba a barin ta, abinci mai kyau da zuma da rage gishiri da tafiyar ƙafa duk suna da gurbinsu, kuma za mu ci gaba da kawo bayaninsu insha Allahu. Amma a fara sanin sunan ciwon tukuna. A wannan makon kowane maigida da ya haura shekara 40 ya je a auna jininsa, ya kai uwargida ita ma, ya rubuta lambar ya ajiye.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya abin da aka haifa, Ya jiƙan magabatanmu. A tura wa 'yan uwa da abokan arziki, musamman gidan da ake jego.